Abinci da Walwalar Zuciya: Yadda Abin da Ake Ci ke Shafar Ƙwaƙwalwa

Nauyin ƙwaƙwalwar baligi bai cika wuce kilo ɗaya da rabi ba, wato kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa. Duk da ƙanƙantar nan tata, ita kaɗai ke cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci, kuma ba ta hutawa ko da mutum yana barci. Babban makamashinta shi ne sukarin da ke yawo cikin jini, wanda likitoci ke kira gulukos, kuma takan buƙaci kimanin giram 120 a kowace rana. Hanta da tsoka suna iya ajiye sukari don gobe, amma ƙwaƙwalwa ba ta ajiye wani abin a zo a gani. Abin da jini ya kai mata, da shi take aiki. Shi ya sa idan sukarin jini ya yi ƙasa sosai, kamar yadda kan faru ga mai ciwon suga da ya sha magani bai ci abinci ba, alamun farko sukan haɗa da rawar jiki, gumi, saurin fushi da ruɗewa.

Bayan makamashi akwai kayan gini. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna isar wa juna saƙo ta hanyar wasu sinadarai da jiki ke haɗawa da kansa, kuma daga abinci yake samun kayan haɗin. Serotonin, wanda ke da hannu a natsuwa, barci da sha'awar abinci, ana yin sa ne daga tiriftofan, wani ɓangare na furotin da ake samu a ƙwai, nono, nama, kifi, wake, gyaɗa da riɗi. Dofamin, mai alaƙa da himma da jin daɗin abin da aka yi, daga tirosin ake yin sa, shi ma daga furotin. Haɗa waɗannan sinadarai ba ya yiwuwa sai da sinadarin ƙarfe da wasu bitamin na rukunin B. Fatar da ke lulluɓe kowace ƙwayar ƙwaƙwalwa kuma da kitse aka gina ta, kuma akwai nau'in kitsen da ake kira omega-3 wanda jiki bai iya yin isasshensa sai ya samu daga abinci, musamman kifi mai maiƙo irin su sardin da titus.

Hujja mafi ƙarfi kan alaƙar abinci da halin zuciya ta fito ne daga nazarin yunwa. A ƙarshen shekarar 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani masanin aikin jiki mai suna Ancel Keys ya tara samari 36 a Jami'ar Minnesota ta Amurka. Dukansu lafiyayyu ne, an tantance su jiki da hankali, kuma da kansu suka amince a gwada yunwa a kansu domin a san yadda za a farfaɗo da mutanen Turai bayan yaƙi. An ciyar da su sosai na makonni 12, sannan aka rage musu abinci zuwa kusan rabi na tsawon makonni 24, aka bar su da dankali, burodi, taliya da makamantansu, suna kuma tafiyar ƙasa ta kusan kilomita 35 a mako. Kowannensu ya zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa. Ramar jiki ba ta ba kowa mamaki ba. Abin da ya ja hankali shi ne yadda halayensu suka juya. Mutanen da a da suke raha da juna suka koma masu ƙunci da saurin hasala, ƙaramin abu ya isa ya tayar da faɗa. Suka daina son shiga mutane, sha'awar mace ta gushe, karatu ya gagare su saboda hankali ba ya tsayawa wuri ɗaya. Zancensu da mafarkinsu duk suka koma kan abinci, har wasu suka shiga tara littattafan girki. Da aka fara mayar musu da abinci ma, hankalin wasunsu bai dawo daidai nan da nan ba. Ɗaya daga cikinsu ya sare yatsunsa uku da gatari a wannan lokacin. An buga cikakken rahoton binciken a 1950, kuma har yau ana komawa gare shi.

Darasin wannan bincike bai tsaya a Amurka ba. A yankin Sahel, daga arewacin Najeriya zuwa kudancin Nijar da Chadi, watannin Yuni zuwa Agusta ne lokacin da hatsin bara ya kusa ƙarewa a rumbu, na bana bai nuna ba, ga kuma aikin gona mafi nauyi. Gida da yawa kan koma cin abinci sau ɗaya ko biyu a rana. Bincike daga ƙasashe masu yawa, masu arziki da matalauta, ya nuna cewa inda ake fama da rashin tabbacin abinci an fi samun ciwon damuwa da fargaba. Abu biyu ne ke haɗuwa a nan: jikin da bai samu abin da yake buƙata ba, da kuma zullumin magidanci ko uwar da ta kwana ba ta san abin da za ta ɗora a murhu gobe ba. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma wannan ya haɗa har da haƙuri da iyali da iya tsayar da tunani. Bai kamata a yi saurin yanke wa mai yunwa hukuncin baƙin hali ba.

Akwai kuma yunwar da ba a gani, inda ciki ke cika amma wani sinadari guda ya yi ƙaranci. Tarihin cutar felagra ya nuna irin ɓarnar da wannan kan yi wa hankali. Cuta ce da ke farawa da ƙuraje da baƙin fata a wuraren da rana ke duka, sai gudawa, sai kuma ƙunci, mantuwa da ruɗewa har zuwa taɓin hankali. Ta addabi talakawan kudancin Turai tun ƙarni na 18, sannan a farkon ƙarni na 20 ta mamaye kudancin Amurka, inda aka ƙiyasta ta kama kusan mutum miliyan 3 ta kuma kashe kimanin 100,000 tsakanin 1906 da 1940. Asibitocin mahaukata suka cika da masu ita, kuma yawancin likitoci sun ɗauka ƙwayar cuta ce mai yaɗuwa. A 1914 gwamnati ta tura likita Joseph Goldberger ya bincika. Ya lura cewa a gidajen marayu da asibitoci waɗanda ake tsare da su ne ke kamuwa, ma'aikatan da ke cuɗanya da su kullum kuwa ba sa kamuwa. Bambancinsu kawai a kwanon abinci yake: marasa lafiya masara suke ci safe da yamma, ma'aikata suna samun nono, nama da ƙwai. Da ya sa aka ƙara wa marayun waɗannan abubuwa, cutar ta ɓace. Sai a 1937 aka gano cewa sinadarin da ya yi ƙaranci shi ne niyasin, wato bitamin B3. Masara tana ɗauke da shi, amma a ɗaure yake yadda hanji bai iya tsotsarsa. Mutanen Meziko, inda masara ta samo asali, sun daɗe suna dafa ta da ruwan toka ko farar ƙasar da ake ƙonawa, abin da ke kwance sinadarin, shi ya sa cutar ba ta dame su ba. Masarar ta yaɗu a duniya, dabarar ba ta bi ta ba. Har yanzu felagra na ɓulla a sansanonin gudun hijira da wuraren da aka dogara da masara zalla, da kuma tsakanin mashaya giya. Wannan abin lura ne a ƙasar Hausa, inda tuwon masara ya karɓe wurin na gero da dawa a gidaje da dama. Gyaɗa tana da niyasin mai yawa, don haka ƙuliƙuli, miyar gyaɗa da kunun gyaɗa suna toshe wannan giɓi cikin sauƙi.

Ƙarancin da ya fi kowanne yawa a wannan yanki shi ne na jini. Binciken lafiyar al'umma da aka gudanar a Najeriya a 2018 ya gano cewa kashi 58 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, yara 'yan wata 6 zuwa 59 kuwa kashi 68 cikin 100. Dalilan suna da yawa: zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, ciwon sikila, jinin al'ada, haihuwa kusa da kusa, da kuma rashin isasshen sinadarin ƙarfe a abinci. Da ƙarfe ake yin jan sinadarin da ke ɗaukar iska daga huhu zuwa sassan jiki, kuma ƙwaƙwalwa na buƙatarsa wajen haɗa serotonin da dofamin. Mai ƙarancinsa kan yi fama da kasala, jiri, bugun zuciya, rashin natsuwa da saurin jin haushi, kuma waɗannan alamu suna kama da na ciwon damuwa ƙwarai. Kwaɗayin cin ƙasa ko taunar ƙanƙara, wanda ake yawan gani wurin masu juna biyu, sau da yawa alama ce ta wannan ƙaranci. Mace mai jego da ta zubar da jini wajen haihuwa, ga shayarwa ga rashin barci, tana cikin waɗanda abin ya fi shafa, kuma an samu alaƙa tsakanin ƙarancin jini da damuwar bayan haihuwa. Al'adar ciyar da mai jego nama da ƙauri tana da amfani ta wannan fuska, haka ma ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa a wajen awo, waɗanda mata da yawa ke ajiyewa saboda suna tayar musu da zuciya. Abin takaici ne a ce mace ta yi watanni ana ce mata raguwa ko mai mita, alhali gwajin jini na 'yan mintuna zai iya bayyana abin da ke damunta.

Ƙarfen da ke cikin hanta, nama da kifi shi jiki ya fi saurin tsotsa. Wanda ke cikin wake, gero, zogale, rama da alayyafo ya fi wahalar shiga jini, amma bitamin C na taimaka masa, don haka cin su tare da tumatir, lemon tsami, gwaiba ko garin 'ya'yan kuka yana ƙara amfaninsu. Shayi kuwa akasin haka yake yi. Sinadaran da ke ba shi ɗaci suna kama ƙarfen su hana shi shiga, saboda haka mai ƙarancin jini gara ya bar tazarar awa ɗaya ko fiye tsakanin abinci da shayi. Jiƙa hatsi, tsirar da shi ko barinsa ya yi tsami, kamar yadda ake yi wajen koko da kunun zaƙi, yana rage wani sinadari da ke ɗaure ƙarfe a cikin hatsin.

Sauran ƙarancin da ke taɓa hankali sun haɗa da na aidin, wanda maƙoƙo ke nuna shi a wuya. Idan ya yi ƙasa, jiki da tunani duk sukan yi sanyi, kuma idan mai ciki ce abin na iya tauye ƙwaƙwalwar jariri har abada. Wannan ne ya sa Najeriya ta wajabta sanya aidin a gishiri tun farkon shekarun 1990. Bitamin B12, wanda ake samu a nama, kifi, ƙwai da nono kawai, ƙarancinsa na kawo mantuwa, ƙunci, jin kamar ana tsira allura a tafin ƙafa, wani lokaci har da ruɗewa. Tsofaffi da masu shan maganin suga na metformin shekara da shekaru sun fi fuskantar haɗarin. Ga yara ƙanana, tamowa na barin tabo mai daɗewa. Wani bincike da aka yi a tsibirin Barbados ya bi yaran da suka yi tamowa a shekarar farko ta rayuwarsu har suka wuce shekara 40, ya kuma gano sun fi takwarorinsu fama da rashin tattara hankali da alamun damuwa, duk da cewa jikinsu ya murmure tun suna ƙanana.

A 'yan shekarun nan hankalin masu bincike ya karkata ga hanji. Cikin hanjin kowane mutum akwai ƙananan halittu tiriliyoyi, mafi yawansu bakteriya masu amfani, waɗanda ke rayuwa a kan dusar hatsi da zaren ganye da wake da hanji bai narkar ba. Suna fitar da sinadarai da ke shafar garkuwar jiki da kumburin cikin jiki, kuma akwai wata doguwar jijiya mai suna fagus da ke haɗa hanji da ƙwaƙwalwa kai tsaye. Kusan kashi 90 cikin 100 na serotonin ɗin jiki a hanji ake yin sa. Sai dai a kula: serotonin na hanji ba ya ƙetarawa zuwa ƙwaƙwalwa, aikinsa ya fi shafar motsin hanjin, kuma yawancin gwaje-gwajen da suka nuna cewa sauya bakteriyar hanji na sauya hali a kan ɓeraye aka yi su. Fannin yana da alamun nasara amma bai nuna ba tukuna, kuma masu tallan magunguna sun riga masana yin gaba. Abin da za a iya faɗa da tabbaci shi ne hatsin da ba a surfe shi fes ba, wake, ganyaye da abinci mai tsami irin su kindirmo da nono suna ciyar da waɗannan halittu. Sharaɗin nono shi ne a tafasa madarar kafin a sa ta yi tsami, domin ɗanyar madara na iya ɗauke da tarin fuka da wasu cututtukan dabbobi.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ko gyara abinci na iya rage ciwon damuwa, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana damun sama da mutum miliyan 280. Wani bincike a Sifaniya da aka buga a 2009, wanda ya bi kimanin mutum 10,000 na wasu shekaru, ya nuna cewa masu bin abincin gargajiya na yankin Bahar Rum, wato ganyaye, 'ya'yan itace, wake, kifi da man zaitun, sun fi tsira daga ciwon da kusan kashi 30 cikin 100. Irin wannan bincike yana da rauni guda: mai cin abinci mai kyau sau da yawa shi ne mai hali, mai ilimi, mai motsa jiki, kuma ba a iya raba waɗannan gaba ɗaya. Don haka aka koma gwaji kai tsaye. A 2017 Farfesa Felice Jacka ta Jami'ar Deakin a Ostareliya da abokan aikinta suka buga sakamakon gwajin da suka yi kan mutum 67 masu ciwon damuwa. An ba rabinsu shawarar ƙwararru kan gyara abinci na makonni 12, sauran kuma aka riƙa zama da su ana hira. Kusan kashi 32 cikin 100 na rukunin farko sun samu sauƙin da alamun ciwon suka kau, a rukuni na biyu kuwa kashi 8. Sakamakon ya ƙarfafa gwiwa, amma mutanen ba su da yawa, kuma yawancinsu suna shan magani ko ganin likita a lokacin, wato abincin ƙari ne a kan jinya. Bayan shekara biyu, wani gwaji mafi girma a ƙasashen Turai huɗu, mai mutum 1,025, ya ba wasu ƙwayoyin omega-3 da bitamin na tsawon shekara ɗaya, kuma ƙwayoyin ba su hana kamuwa da ciwon ba. Idan aka haɗa waɗannan, abin da ke fitowa shi ne amfanin yana cikin tsarin cin abinci gaba ɗaya. Ƙwayar bitamin tana gyara wanda ke da ƙaranci. Ga wanda ba shi da shi, yawanci asarar kuɗi ce.

Ba a buƙatar man zaitun ko kayan kanti masu tsada kafin a samu irin wannan tsari. Gero, dawa, acha, wake, gyaɗa, riɗi, daddawa, kuka, kuɓewa, yakuwa, zogale, kabewa, busasshen kifi, ƙwai da nono sun ƙunshi kusan duk abin da aka lissafa a sama. Matsalar akushin gida da yawa ita ce rabo: tuwo ya yi tudu, miya ta yi ƙaranci, nama ko kifin ya tafi kwanon maigida, mace da yara waɗanda suka fi buƙata su samu saura. A birane kuma wata matsalar ce ke shigowa, ta taliyar leda, farin burodi, biskit da lemon kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, kimanin giram 50 ke nan ko ƙaramin cokali 12, kuma kwalbar lemo ɗaya kan cinye fiye da rabin wannan. Wani dogon bincike kan ma'aikatan gwamnati a Landan, da aka buga a 2017, ya gano cewa mazan da suka fi shan zaƙi sun fi fuskantar damuwa da fargaba bayan shekara biyar.

Kafeyin, sinadarin da ke cikin goro, shayi, kofi da lemukan ƙara kuzari, yana wartsakar da mutum ta hanyar toshe saƙon gajiya a ƙwaƙwalwa. Kaɗan daga cikinsa ba ya cutar da yawancin manya. Idan ya yi yawa yana kawo faɗuwar gaba, rawar hannu da fargaba, kuma jiki kan ɗauki kusan awa biyar kafin ya fitar da rabin abin da aka sha. Goron la'asar ko shayi mai kauri na bayan isha'i na iya hana barci mai nauyi, rashin barci kuwa yana cikin manyan abubuwan da ke dagula zuciya. Wanda ya saba da kafeyin idan ya bari farat ɗaya yakan yi ciwon kai da jin haushi na 'yan kwanaki, abin da ke bayyana wani ɓangare na wahalar farkon azumi ga masu cin goro da mashaya shayi. Ƙishirwa ma tana da nata rabon: ko ƙaramin ƙarancin ruwa a jiki na kawo ciwon kai, gajiya da rashin tattara hankali, musamman a zafin bazara. Sahur mai ɗauke da wake, ƙwai, fura da nono da isasshen ruwa ya fi riƙe mai azumi fiye da shayi mai zaƙi da farin burodi.

Alaƙar abinci da halin zuciya kuma tana tafiya ta ɓangare biyu. Ciwon damuwa da kansa yana kashe sha'awar abinci ga wasu, ga wasu kuma ya sa su yawan ci, musamman zaƙi da maiƙo, saboda haka mummunan cin abinci na iya zama sakamakon ciwon maimakon sanadinsa. Gado, rashin wani makusanci, talauci, tashin hankali da shaye-shaye duk suna haddasa ciwon ko da abinci ya wadata. Ƙuncin da ya wuce mako biyu yana hana mutum aiki ko barci, jin muryoyin da sauran mutane ba sa ji, ko tunanin kashe kai, abubuwa ne na asibiti, kuma akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato, Dawanau ta Kano da Maiduguri, ban da sassan da ke manyan asibitocin koyarwa. Wanda ke kan magani bai kamata ya ajiye shi don ya gyara abinci ba. Wasu magungunan ƙwaƙwalwa suna buɗe ciki su ƙara ƙiba da haɗarin ciwon suga, wasu kamar litiyam suna buƙatar a kiyaye yawan ruwa da gishirin da ake sha, don haka likitoci kan auna nauyi da sukarin jinin masu shan su lokaci-lokaci, su kuma ba su shawara kan abinci da azumi gwargwadon maganin da kowa ke sha.